MARGA: YADDA AKE RENONTA DAGA IRI HAR TA TSAYA DA GINDINTA

Zuwa ga iyayenmu Hakimai, da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu.

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo da ƙafa a watan Afrilu, tsakanin azahar da la'asar, ba ya bukatar a karanta masa amfanin itace. Titin nan ya ratsa Fagge, ya bi ta gefen Kantin Kwari, kasuwar da fatake ke zuwa sarin tufafi tun daga Nijar da Cadi da Kamaru, ga kuma Sabon Gari nan kusa. Sunan da yake amsawa na Kanar Ibrahim Taiwo ne, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed. Jama'a ba ta yankewa a kansa tun daga hantsi har dare: 'yan dako, da masu tura baro, da 'yan sari, da yara masu talla. A kwanakin bazara zafin Kano yakan haura awo 40, kwalta da siminti da kwanon rufi kuma su riƙe zafin nan su yi ta fesowa har bayan magariba. Inda duk aka sami 'yar inuwa, ko ta bango ce ko ta laima, sai ka tarar an cika ta maƙil.

An rubuta wannan 'yar takarda domin a bayyana yadda za a reni itace guda ɗaya na ƙasarmu, watau marga, tun daga ƙwayar iri har ya girma a bakin titi irin wannan, ko a ƙofar fada, ko a filin makaranta. Aikin ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci shi ne lura, kuma wurare biyu ne akan faɗi a cikinsa: wajen ɓawon iri, da wajen ranin farko.

Me ya sa marga?

Kakanninmu ba su yi sakaci da itatuwa ba, sunayen wuraren Kano kaɗai sun isa shaida: Giginyu, Ɗorayi, Kurnar Asabe, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Rimin Gado. Amma in an lura, kowane ɗaya daga cikin itatuwan nan don inuwarsa aka san shi, ko don 'ya'yansa, ko don audugarsa. Fure bai cika shiga lissafinmu ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke tsammani itacen ado sai wanda aka kawo daga wata ƙasa, alhali kuwa a dajinmu akwai waɗanda in suka yi fure babu baƙon da zai nuna musu kyau.

Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina, ita ce ta cika hanyoyin Arewa. Asalinta daga wajen Indiya ne, a lardin Barno aka fara dasa ta a Nijeriya cikin 1928. Ta yi mana rana ƙwarai, ba mai musun wannan. Sai dai gari ya dogara ga itace iri ɗaya tak akwai haɗari. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta auka wa darbejiya a Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya yi ta zuba, rassa suka yi ta bushewa, hankalin ma'aikatan daji ya tashi. Da cutar ta yi ƙarfi fiye da haka, da titunan garuruwa da yawa sun wayi gari tsirara. Gauraya iri ita ce rigakafin wannan.

Marga, wadda ake kuma ce wa malga, 'yar ƙasa ce. Tana tsira da kanta tun daga Senegal har Sudan da Yuganda, a irin dajin da muke da shi a kudancin Kano wajen Tudun Wada da Doguwa, da ƙasar Zazzau. Masana tsirrai suna kiranta Cassia sieberiana, sunan da aka raɗa mata cikin 1825. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen itatuwanmu na Hausa a wani littafi cikin 1916, ya rubuta ta tare da sauran. Ba ta kai madaci ko rimi girma ba, galibi takan tsaya tsakanin ƙafa 30 da 50, wannan kuwa alheri ne a titin da benaye suka matse. Da rani takan zubar da ganye. Sa'an nan wajen Fabrairu zuwa Afrilu, daidai lokacin da ƙasa ta yi fari fat, kowane haki ya bushe, sai ta ɓarke da fure rawaya, zangarniya zangarniya, kowace ta fi kamu guda, suna reto ƙasa kamar an rataya mata ado. Ƙudan zuma ba sa barin gindinta a kwanakin nan. Wanda ya taɓa cin karo da ita a daji tana cikin wannan hali ba ya mantawa.

Gaskiya ta fi, sai mu faɗi aibinta tun yanzu. Inuwarta ba ta kai ta darbejiya kauri ba, akwai kuma makonnin da takan zauna ba ganye. Ba ta saurin girma, mai dasa ta ba zai ga fure a shekara ɗaya ko biyu ba. Saiwarta da ɓawonta masu ɗaci ne, masu maganin gargajiya suna nemansu, in ba a tsare ba sai a sassaƙe ta har ta mutu. Ko da yake dangin wake ce, kada manomi ya sa rai za ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar gawo. Saboda haka shawararmu ita ce a jera su bi da bi: itacen inuwa guda, marga guda.

Akwai kuma maganar suna. A waɗansu wurare gama-faɗa ake ce da ita. Na taɓa kai wa wani dattijo dashe biyu a ƙofar gidansa, da ya ji sunan sai ya ce in kwashe abina, shi mata uku gare shi, faɗan da ke gidan ya ishe shi. Sai da na koma da sunan marga ya karɓa. In Hakimi ya ji irin wannan a ƙasarsa, dasa guda a ƙofar gidansa ya fi dogon bayani.

Neman iri

Bayan fure ya kaɗe sai 'ya'ya su fito, dogaye, mulmulallu kamar sanda, tsawon ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye. Sukan daɗe a jikin uwa, daga kore su koma baƙi-baƙi, su bushe. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi ake samun nunannu. Ba sa fashewa da kansu. In an fasa sandar za a ga ciki ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ƙwaya guda, mai sheƙi, ba ta kai ƙwayar wake girma ba.

A nan sai malam ya yi hattara da wanda ya aika. Akwai wata 'yar'uwarta da ma'aikatan daji suka kawo daga Asiya, an dasa ta da yawa a bakin hanyoyi, ita ma furenta rawaya ne, har waɗansu na ba ta sunan marga. Kwasfa ce ke raba gardama: ta baƙuwar faffaɗa ce shimfiɗaɗɗiya, ta margar ƙasarmu kuwa mulmulalliya ce. Furen baƙuwar a tsaye yake fitowa a kan rassa, na tamu kuwa reto yake yi.

A tsinko daga kan itace, kada a tsinci na ƙasa, gama na ƙasa galibi ƙwari sun riga mu. Kada kuma a ɗebi irin duka daga uwa ɗaya. A nemi uwaye biyar ko goma masu lafiya, masu nisa da juna, waɗanda mutanen wurin suka shaida suna cika fure, domin 'ya'ya halin uwa sukan ɗauko. In cikin gandun dajin Hukuma ne, kamar na Falgore, lalle a nemi izinin malamin daji tukuna. Mafarauta da Fulani makiyaya sun fi kowa sanin inda take, dagaci na iya tambayarsu.

In an kawo, a daddaka sandunan a hankali da taɓarya ko a fasa da dutse, a tsince ƙwayoyin, a wanke, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Duk ƙwayar da aka ga huji a jikinta, ko ta motse, a zubar. Sauran a gauraya da toka mai laushi, a zuba a kwalba, a toshe, a ajiye a ɗaki mai sanyi. A manna takarda a jikin kwalbar da sunan garin da aka ɗebo da ranar da aka ɗebo.

Ɓawon iri

Wannan shi ne wuri na farko da akan faɗi. Mutum ya shuka marga kamar yadda yake shuka gero, ya yi ta ban ruwa wata guda bai ga kome ba, sai ya ce irin ya mutu. Irin bai mutu ba, barci yake yi. Allah ya yi wa ƙwayar ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. Hikimar kuwa a fili take. A daji, da dukan ƙwayoyin za su tsira da yayyafin farko, ruwa ya ɗauke mako uku kamar yadda ya saba yi mana a farkon damina, da duk sun ƙone an rasa iri. Amma da yake ɓawon kowace da lokacin da zai sare, wata sai gara ta gwaguye ta, wata sai zafin rana da sanyin dare sun tsattsaga ta, wata sai ta bi ta cikin saniya, sai su riƙa tsira kaɗan kaɗan, wata bana, wata baɗi. Abin da ya zama tsaro a daji shi ne cikas a lambu. Mai reno so yake su tsira tare, don haka shi zai yi musu aikin gara da saniya.

Hanya biyu ce mai sauƙi. Ta farko, a ɗauki ƙwaya ɗaya ɗaya a ɗan ƙwanƙware gefenta da abin yanke farce, ko a goga ta a jikin dutsen wasa wuƙa ko magagari, har a hango fari-farin ciki. Da an hango a tsaya. A duba ƙwayar da kyau kafin a fara: akwai ɗan tsini a gefe guda inda take manne da kwasfa, nan ne saiwa za ta fito, kada a taɓa wurin, a yi yankan a ɗaya gefen. Sa'an nan a jiƙa cikin ruwan sanyi a kwana. Wannan hanya ita ce mafi tabbas. Yara 'yan makaranta goma, in an nuna musu sau ɗaya, sa gama ƙwaya ɗari biyu kafin a tashi tara.

Ta biyu ta ruwan zafi ce, ta dace da iri mai yawa. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba a kan irin cikin kwano, ruwan ya ninka irin kamar sau biyar, a bar shi ya huce da kansa har gari ya waye. A lura da kyau, an ce a sauke daga wuta. Na san wata makaranta da aka aika wa mudu guda na iri da wannan bayani, wanda aka ba aikin ya ɗora tukunya ya bar ta tana tafasa kamar mai dafa wake, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba, aka kuma rubuto cewa irin ne ba shi da kyau.

Da safe a duba. Ƙwayar da ta sha ruwa za ta kumbura ta yi taushi, ita ce ta farka, a shuka ta a ranar, kada a bari ta sake bushewa. Wadda ta kwana yadda take, a ƙwanƙware ta a sake jiƙawa.

Wurin reno

Tun ran gini tun ran zane. Dashen da za a fitar a watan Yuli, a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris ake shuka shi, domin ya sami wata huɗu a hannu. A zaɓi wuri kusa da rijiya ko famfo, bayan ofishin Hakimi ko cikin makaranta, a kewaye da zana ko kara don awaki da kaji da iska. A kafa 'yar rumfa mai tsawon ƙirji, a yi mata rufi shara-shara wanda rana ke ɗan ratsawa.

Baƙar ledar reno ita ce aka saba da ita, mai tsawon inci 8 zuwa 10. In babu, gwangwanin madara babba ya yi, ledar ruwan sha da ake kira fiya wata ma takan yi a makonnin farko, amma gajera ce, sai an sake wa tsiron mazauni. Ko wanne aka samu, lalle a huhhuda gindinsa. A cika da ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tankaɗe. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. Laka zalla tana riƙe ruwa ta ruɓar da saiwa. A jera ledojin a tsaye, faɗin jerin kada ya wuce ƙafa 3, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. In itace 100 ake so ya rayu, a cika leda 150.

A jiƙa ƙasar tun daren jiya. A sa ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin rabin inci, a rufe. Ban ruwa safe da yamma da abin yayyafi, ko gwangwanin da aka huhhuda, kada a kwarara da guga a tone irin. Cikin mako ɗaya ko biyu za a ga tsiro. In biyun suka fito, a bari su yi ganye huɗu, sa'an nan a cire raunannen a mai da shi ledar da ba ta tsira ba. In an ga tsiro yana yin baƙi a gindi yana kwantawa, ruwa ne ya yi yawa, iska kuma ta yi kaɗan, a rage ban ruwa, a buɗe rumfa. Ɓera da ƙadangare da fara duk suna son sabon tsiro, mai lambu ya san dabarunsu.

Akwai aiki guda da ake yawan mantawa. Marga uwar saiwa take fara turawa ƙasa, tun kanta bai kai kamu ba saiwar ta kai gindin leda, ta fita ta huji, ta kama ƙasa. In an bar ta, ran fitarwa sai an fizge, saiwar ta tsinke, dashen ya yi yaushi ya mutu a rami. Saboda haka kowane mako biyu a ɗaga kowace leda a gusar da ita, abin da ya leƙo a datse da wuƙa mai kaifi. Saura mako uku a fitar, a yaye rumfar gaba ɗaya, a mai da ban ruwa sau ɗaya a yini, domin dashen ya saba da wuya tun yana gida.

Fitarwa

Lokacin fitarwa shi ne sa'ad da damina ta zauna sosai, ƙasa ta sha har ƙasa, watau daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli a ƙasar Kano. Dashen da aka sa a lokacin nan zai sha ruwan marka duka kafin ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda aka jinkirta har Satumba don jiran ranar da manyan baƙi za su sami sukuni, an yi biki ne kurum, ba a dasa itace ba.

A titi irin na Ibrahim Taiwo zaɓen gurbi ya fi haƙa rami wuya. A ɗaga kai a dubi wayar lantarki, a sunkuya a dubi kwalbati da bututun ruwa, a ba su wuri. Kada a sa daidai ƙofar kanti ko inda motoci ke sauke kaya, kada kuma a sa a kan kwana inda zai tare wa direba gani. A nemi yardar hukumar da ke kula da titin kafin a fasa siminti. Tsakanin itace da itace ƙafa 25 zuwa 30. Rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a haƙa tun mako biyu kafin ranar. Ƙasar bakin titin birni yawancinta ɓaraguzan bulo ne da leda da baƙin mai, sai a kwashe ta a kawo ta gona a gauraya da kwando guda na ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara.

Da yamma ake dashe, ko ranar da hadari ya rufe. A tsaga ledar da reza a cire ta ɗungum, ba tare da ƙasar ta wargaje ba. An sha tone mataccen dashe a tarar da shi cikin ledarsa kamar yadda aka kawo shi. A zaunar da shi daidai zurfin da yake a leda, a cike, a taka da ƙafa, a yi masa ɗan kwano a kewaye don ya tare ruwa, a ba shi garwa guda nan take. A kafa masa sanda a ɗaure sako-sako da tsumma. A ranar nan, ba gobe ba, a yi masa shinge: ƙaya a ƙauye, a birni kuwa bulo da aka jera da tazara, ko kwandon ƙarfe, ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta aka huhhuda. Akuya ba ta jiran a kafa kwamiti.

Ranin farko, da mai itace

Wannan shi ne wuri na biyu, shi ne kuma babba. Daga Oktoba zuwa Mayu wata bakwai ne ko fiye babu ɗigon ruwa. Babbar marga ba ta damu da wannan ba, saiwarta ta yi nisa. Ƙaramar kuwa tana bukatar garwa guda a mako lokacin sanyi, garwa biyu a mako daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. A zuba da yawa a tashi ɗaya ya fi a riƙa yayyafa kaɗan kullum, domin ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ƙasa. A rufe gindin da ciyawa ko tsakuwa, amma kada ciyawar ta taɓa jikin itacen, don gara. Wata dabara mai kyau ita ce a binne tulu marar shafe a gefen dashen har wuya, a riƙa cika shi a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsatsowa a hankali. Inda akwai masallaci kusa, a karkato ruwan alwala zuwa gindin, wannan ya wadatar. Ruwan kwata mai sabulu da mai da rini kuwa kashe shi zai yi. A rani na biyu rabin wannan ya isa. Rassan ƙasa a riƙa datse su kaɗan kaɗan har kan itacen ya wuce tsayin mutum da kaya a ka.

To, wa zai yi wannan? Nan ne maganar ta zo hannun Hakimai. Tun bayan farin 1973 da na 1984 ake gangamin dashen itatuwa a Arewa, a 2007 kuma ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Jihar Kano ke cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa. Dashe ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Kowa ya san gurabun da aka dasa da kiɗa da algaita, shekara ta kewayo babu ko kututture. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun koyi darasin nan kafinmu. Can ma an yi ta dashe yana mutuwa, har cikin 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su riƙa barin tohon kututturen da ke gonakinsu suna gyara shi. Abin ya kama ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba mai hana shi amfaninsa. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5.

Haka abin yake a bakin titi. Itacen da aka ce na kowa ne ba shi da mai ba shi ruwa. Saboda haka kada a haƙa rami sai an sami mai shi: mai kantin da ke fuskantarsa, ko mai shayi, ko mai gyaran takalmi da zai zauna a inuwarsa, ko ladanin masallaci, ko aji guda na makaranta. Mai unguwa ya kawo shi gaban Hakimi, a faɗa masa abin da ke kansa, ya amsa da bakinsa a gaban jama'a. A Fagge da Sabon Gari, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke kanti jikin kanti, shugabannin 'yan kasuwa da na ƙabilu su ne ƙofar shiga, su suka san wanda ya daɗe a gurbinsa da wanda zai tashi gobe. Kuɗin jarkar ɗan garuwa biyu a mako ba zai gagari mai kanti ba in ya san itacen da sunansa ake kiransa. Shi ne kuma zai hana masu sassaƙe da masu kafa ƙusa. Malamanmu sun sha faɗa cewa dasa itace sadaka ce mai gudana, in liman ya tuna wa jama'a wannan a huɗubar farkon damina, aikin mai unguwa ya ragu.

Littafin malam

Malamin ofis ya buɗe littafi guda don wannan kaɗai. Kowane itace da lambarsa, a rubuta ta da fenti a jikin shingensa. A gaban lambar a rubuta irin itacen, da garin da aka ɗebo irinsa, da ranar dashe, da gurbinsa, da sunan mai shi. A bar fili uku a gefe don ƙidaya: ta Oktoba, ta Janairu, da ta ƙarshen Afrilu. Malam ya fita da ƙafarsa ya duba, kada ya zauna a kawo masa labari. In an tarar da marga ba ganye a cikin rani kada a yi saurin rubuta ta matacciya, a ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in an ga kore tana nan da ranta. Rahoton da za a aika sama ya faɗi adadin da aka dasa da adadin da aka tarar da rai a Afrilu, su biyun a jere. Gurbin da ya mutu a rubuta abin da ya kashe shi, akuya ce, ko gara, ko ƙishirwa, ko mota, a cike shi da damina mai zuwa daga ragowar leda 50 ɗin nan.

Wanda hannunsa ya faɗa da marga ya iya sauran. Minjirya, mai jan fure kamar garwashi sa'ad da ba ta da ganye, ƙwayarta ja ce mai tauri, ƙwanƙwara da jiƙo iri ɗaya take so, ko da yake reshenta ma in an kafa da damina yana kamawa. A hana yara sa ƙwayar a baki, tana da dafi. Gurjiya, wadda jan furenta ke fitowa da sanyi, irinta cikin auduga yake, sai an tsince, tana kuma son fili, ta fi dacewa da makaranta ko bakin kasuwar ƙauye. Itacen nan mai jan fure da faffaɗan kai da aka kawo daga tsibirin Madagaska, wanda ake gani a tsofaffin gidajen Gwamnati, shi ma ɓawon irinsa sai an ƙwanƙware, amma saiwarsa bisa-bisa take bi, tana ɗaga siminti tana tsaga bango, kada a sa shi ƙasa da ƙafa 20 daga gini ko kwalbati.